Daga Tsakiyar Teku zuwa Gaban Alƙali

Fashin teku yana cikin tsofaffin laifuffukan da ƙasashen duniya suka haɗu a kan cewa kowace ɗaya daga cikinsu tana da ikon hukunta wanda ya aikata shi, ko da kuwa ɗan fashin ba ɗan ƙasarta ba ne, jirgin da aka tare ba nata ba ne, kuma babu mutuminta ko ɗaya a cikin waɗanda aka cuta. Wannan iko shi masana shari'a ke kira hurumin kowa-da-kowa, kuma ya saɓa wa abin da aka saba, domin a ƙa'ida kotu ba ta sauraron ƙara sai laifin ya auku a ƙasarta ko ya shafi mutanenta. Dalilin keɓe fashin teku a fili yake, tunda yana faruwa ne a wurin da babu sarki babu alƙali, yana kuma gurgunta fataucin da kowace ƙasa ke ci daga gare shi, shi ya sa malaman shari'a na Turai tun ƙarnonin baya suka laƙaba wa ɗan fashin teku sunan maƙiyin 'yan Adam baki ɗaya. Wanda ya ji haka zai ɗauka babu mai laifin da ya fi shi sauƙin kaiwa kotu. Abin da ya faru a gaɓar Somaliya daga 2008 zuwa 2012, da abin da ya biyo baya a Mashigin Tekun Gine, ya nuna kamu ya fi gurfanarwa sauƙi nesa ba kusa ba, har ta kai mafi yawan waɗanda sojojin ruwa suka damƙe a wancan lokaci ba su taɓa ganin fuskar alƙali ba.

Ma'anar laifin a yau tana cikin sashe na 101 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka rattaba wa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika a 1982, ta kuma fara aiki a 1994, ko da yake kalmomin sashen kusan duka an kwaso su ne daga yarjejeniyar Janiba ta 1958. Kafin a kira wani aiki fashin teku, dole ya zama ta'adi ne ko tsarewa ko kwasar dukiya da mutanen wani jirgi mai zaman kansa suka yi wa wani jirgi dabam, don biyan buƙatar kansu, kuma a buɗaɗɗen teku, wato ruwan da ya wuce mallakar kowace ƙasa. Mallakar ƙasa a teku tana ƙarewa ne a mil 12 na teku daga gaɓa, kimanin kilomita 22. Idan aka tare jirgi a mil 13, fashin teku ne, jirgin yaƙin kowace ƙasa yana iya kai ɗauki. Idan kuwa a mil 11 ne, mutanen su ne dai, bindigogin su ne dai, amma sunan laifin ya koma fashi da makami a ruwan ƙasa, kuma ƙasar da ke da gaɓar ce kaɗai ke da hurumi. A inda gwamnati ke da ƙarfi wannan iyaka ba ta damun kowa. A Somaliya, wadda ta rasa tsayayyar gwamnatin tsakiya tun faɗuwar Siad Barre a 1991, ta zama katangar da 'yan fashi ke tserewa bayanta, sai da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1816 a Yunin 2008 kafin jiragen yaƙin waje suka sami izinin bin su cikin ruwan ƙasar.

Sharaɗin jirgi biyu da na buƙatar kai sun bar giɓin da ya bayyana a Oktoban 1985, lokacin da wasu 'yan bindigar Falasɗinu da suka shiga jirgin fasinjan Italiya mai suna Achille Lauro a matsayin matafiya suka ƙwace shi daga ciki, don manufar siyasa, suka kuma kashe wani fasinja Ba'amurke. Don cike giɓin aka ƙulla yarjejeniyar Rum ta 1988 kan hana ta'adi ga sufurin teku, wadda ta ɗora wa ƙasar da mai laifi ya shigo hannunta wajibin ko ta miƙa batunsa ga masu gabatar da ƙara ko ta miƙa shi ga wata ƙasa mai hurumi.

Irin wannan wajibi shi ne babu a dokar fashin teku, kuma nan ne tushen matsalar. Sashe na 105 cewa ya yi kowace ƙasa tana iya kama jirgin 'yan fashi, kuma kotunan ƙasar da ta yi kamun suna iya yanke hukunci. Izini ne aka bayar, ba a tilasta wa kowa ba. Sashe na 100 ya buƙaci ƙasashe su haɗa kai iyakar iyawarsu wajen murƙushe fashi, amma bai ce uffan game da wanda zai ɗauki nauyin shari'a ba. Bayan haka, alƙali a kowace ƙasa ba ya ɗaure mutum da yarjejeniyar duniya kai-tsaye, sai majalisar ƙasarsa ta mayar da laifin cikin kundin dokokinta, ta faɗi hukuncinsa, ta kuma ba kotun hurumi. Da rikicin Somaliya ya taso, sai aka tarar ƙasashe da dama sun riga sun share laifin daga littattafansu bisa zaton ya zama tarihi. Faransa ta soke dokarta ta 1825 a shekarar 2007, watanni kaɗan kafin a yi garkuwa da jirgin shaƙatawarta Le Ponant a Afrilun 2008, kuma ba ta kafa sabuwa ba sai a Janairun 2011. Sifaniya ta cire laifin a kundinta na 1995, ta dawo da shi a 2010.

Sakamakon haka shi ne abin da aka riƙa kira kama-ka-saki. A Satumban 2008 jirgin yaƙin Denmak mai suna Absalon ya kama mutum 10 a cikin kwale-kwale biyu ɗauke da bindigogi da rokoki da tsani, ya tsare su kwana 6 yayin da hukumomi ke neman ƙasar da za ta karɓe su, da ba a samu ba aka ƙwace makaman aka sauke su a gaɓar Somaliya. Rundunoni sun yi ta ƙaruwa, Tarayyar Turai ta ƙaddamar da tata mai suna Atalanta a Disambar 2008, ƙungiyar NATO da Amurka da Sin da Indiya da Rasha kowa ya aiko da jiragensa, amma yawan jiragen yaƙi bai ƙara yawan kotuna ba. A Janairun 2011 Jack Lang, tsohon ministan Faransa da Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ya naɗa mai ba shi shawara kan lamarin, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa kusan tara cikin goma na waɗanda ake kamawa sakinsu ake yi ba tare da shari'a ba, kuma a wannan shekara aka ƙirga hare-hare 237 da aka danganta da 'yan fashin Somaliya. Sakin ma ba kullum yake zama rahama ba. A Mayun 2010, bayan sojojin Rasha sun ƙwato jirgin dakon mai Moscow University, sun zuba mutum 10 da suka kama a cikin ƙaramin jirgi suka sake su can nesa da gaɓa, daga baya hukumomin Rasha suka ce alamu sun nuna sun halaka. Inda aka guje wa kotu, abin da ke maye gurbinta ko dai sakaci ne ko hukuncin da babu wanda ya saurari hujjarsa, kuma babu ɗaya daga ciki da ya dace da sunan adalci.

Ko a ƙasar da dokarta ke nan daram, tambayar mene ne fashin teku ta raba kan alƙalai. Dokar Amurka ta tanadi ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya aikata fashi a buɗaɗɗen teku kamar yadda dokar ƙasa da ƙasa ta fassara shi, ba ta kuma ƙara wani bayani ba. A Afrilun 2010, cikin kwana 10, wasu ƙungiyoyi biyu na Somaliyawa suka buɗe wa jiragen yaƙin Amurka biyu wuta, Nicholas da Ashland, bisa zaton na dakon kaya ne, kuma duka ƙungiyoyin biyu ba su kai ga hawa jirgin ba, balle su ɗauki ko allura. An kai su kotun tarayya ɗaya a Norfolk ta jihar Bajiniya, aka raba ƙararrakin ga alƙalai biyu. Alƙali Raymond Jackson, a watan Agusta, ya yi watsi da tuhumar fashi a kan mutanen Ashland, yana dogaro da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1820 wanda ya fassara laifin da cewa ƙwace ne a kan teku. Tunda ba a ƙwaci komai ba, a ganinsa, babu fashi, sai dai sauran tuhume-tuhume. A watan Oktoba Alƙali Mark Davis ya yanke akasin haka a shari'ar Nicholas, ya ce tunda dokar ta jingina kanta ga dokar ƙasa da ƙasa, dole ta bi ta duk inda ta ci gaba, kuma sashe na 101 bai sa ƙwace a cikin sharuɗɗa ba. Mutum 5 na Nicholas an same su da laifi a watan Nuwamba, aka ɗaure su rai da rai a Maris ɗin 2011, kuma a Mayun 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan Davis. Hankali ma yana tare da shi, domin idan sai an yi nasarar ƙwace kafin laifi ya tabbata, to duk harin da sojoji suka daƙile ya fita daga hannun doka ke nan, alhali majalisar shari'ar masarautar Birtaniya ta riga ta warware wannan tun 1934, a wata ƙara da ta taso daga Hong Kong, inda ta ce yunƙurin da bai kai ga nasara ba shi ma fashi ne.

Idan an gama da ma'ana, sai hujja. Kwale-kwalen 'yan fashi, a idon wanda ke kallo daga jirgi mai saukar ungulu, ƙaramin abu ne na roba mai tauri, da injin baya ɗaya ko biyu masu ƙarfin da ya wuce buƙatar masunci, da jarkokin fetur jere a tsakiya, da dogon tsanin ƙarfe mai lanƙwasasshen kai wanda ake maƙalawa a gefen jirgi, da mutum shida ko bakwai a tsugune. Da zarar sun ga sojoji sun nufo su, tsani da bindigogi da wayar tauraron ɗan Adam duk sai su faɗa ruwa, ta yadda lokacin da aka iso gare su abin da ya rage shi ne samari marasa takalmi, da fetur, da kalma ɗaya a bakin kowa, cewa su masunta ne. Ba koma, ba ƙanƙara, ba kifi, amma rashin kifi ba laifi ba ne a dokar kowace ƙasa. Sojan ruwa kuwa ba ɗan sanda ba ne. An horar da shi ya kare jirgi, ba a koya masa yadda ake ɗaukar hoton wurin laifi, da sanya wa kowane abu lamba, da rubuta hannun da ya bi daga teku har zuwa teburin kotu ba, kuma lauyan da ke kare wanda ake tuhuma a kan wannan sarƙa yake fara neman inda ta tsinke. Wasu masana sun tuna da dabarar ƙarni na 19, lokacin da yarjejeniyoyin hana cinikin bayi suka yarda a ƙwace jirgin da aka samu da mari da tankunan ruwa fiye da kima ko da babu bawa a cikinsa, kamar yadda kotunan haɗin gwiwa na Firitawun suka riƙa yi, suka ba da shawarar a ɗauki tsani da roka a matsayin irin wannan shaida. Sashe na 101 kansa ya buɗe ƙofa, domin ya haɗa da wanda ya shiga aikin jirgi da son ransa yana sane cewa na fashi ne, kuma kotunan Seshel sun yi amfani da wannan.

Shaidu su ma ba a zaune suke ba. Jirgin kasuwa na zamani yana iya zama mallakar kamfanin Girka, yana ɗauke da tutar Laberiya ko Panama, kyaftin ɗinsa ɗan Yukren, ma'aikatansa 'yan Filifin da Indiya, kuma kafin shari'a ta fara kowannensu ya kama aiki a wani jirgi a wani teku. Ma'aikacin da ya bar aiki ya je ba da shaida albashinsa yake asara, ban da cewa zai sake tsayawa gaban mutanen da suka ɗora masa bindiga a ka. A shari'o'in farko na Mombasa ta Kenya sai shaida ya zo da ƙafarsa, alƙalin majistare kuma yana rubuta kowace magana da hannu, ana fassarawa daga Turanci zuwa Somaliyanci da kuma harshen shaidan, don haka zama ɗaya yakan ci yini bai gama da mutum ɗaya ba. Karɓar shaida ta bidiyo daga nesa, wadda aka shigo da ita daga baya, ta rage wannan wahala ƙwarai.

Ambaton Mombasa ya kawo maganar yadda manyan ƙasashe suka yi da nauyin. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma sashe na 105 kusan haka ya faɗa da ya ambaci kotunan ƙasar da ta yi kamu. Sai dai masu jiragen yaƙi sun nemi bakin da zai sha musu. Kenya ta riga ta gwada a 2006, lokacin da kotun Mombasa ta ɗaure Somaliyawa 10 da sojojin Amurka suka kama shekara 7 kowannensu saboda ƙwace wani jirgin Indiya. A kan haka Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar miƙa mata waɗanda ake zargi a Disambar 2008, Amurka a Janairun 2009, Tarayyar Turai a watan Maris, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka kuma ya ɗauki nauyin tafintoci da gyaran gidan yarin Shimo la Tewa da gina ɗakin shari'a kusa da shi. Ba a daɗe ba gwamnatin Kenya ta fara kukan cewa an bar ta da kaya, kotunanta da gidajen yarinta dama a cike suke, ta kuma kawo ƙarshen yarjejeniyoyin a Satumban 2010. Wata biyu bayan haka Mai Shari'a Mohamed Ibrahim na babbar kotu a Mombasa ya yanke cewa tsohon kundin laifuffukan ƙasar bai ba kotunanta hurumi a kan abin da ya faru a wajen ruwanta ba, ya ba da umarnin sakin mutum 9, kuma sai a Oktoban 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci.

Tsibiran Seshel, waɗanda mutanensu ba su kai 100,000 ba a lokacin, su suka karɓi ragowar aikin, domin fashin ya taɓa kamun kifi da yawon buɗe ido, ginshiƙai biyu na arzikinsu. Sun gyara dokarsu a 2010, a watan Yuli kuma kotunsu ta ɗaure Somaliyawa 11 shekara 10 kowannensu saboda harin da suka kai wa jirgin tsaron gaɓa mai suna Topaz. Sharaɗinsu ɗaya ne, su yi shari'a amma wani ya riƙe fursunoni, shi ya sa aka gina ko aka gyara gidajen yari a yankunan Somaliya, a Hargeisa da Garowe da Bosaso, kuma a Maris ɗin 2012 aka mayar da rukunin farko na mutum 17 zuwa Hargeisa. Shawarar Lang ta kafa kotun Somaliya ta musamman da za ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ba ta samu shiga ba. Duk da haka, a ƙarshen wancan zamani fiye da mutum 1,000 ne ke tsare ko aka yanke wa hukunci a ƙasashe kimanin 20, kuma babban kaso na wannan aiki ƙananan kotunan gabashin Afirka da na yankunan Somaliya ne suka yi shi, abin da ba a cika yaba musu a kai ba.

Ƙasashen Turai da suka daure suka kai mutanen gida sun gamu da nasu darasin. A Hamburg, shari'ar mutum 10 da sojojin Holand suka kama a kan jirgin Jamus mai suna Taipan ta fara a Nuwamban 2010, ta ƙare a Oktoban 2012 bayan zama 105, kuma lokaci mai yawa ya tafi ne a kan tambayar da kotun Jamus ba ta saba yi ba, wato shekarun wanda ke tsaye a gabanta. Mutanen sun fito daga ƙasar da rajistar haihuwa ta rushe tare da gwamnati, wasunsu ba su san ranar da aka haife su ba, alhali dokar Jamus ba ta hukunta wanda bai kai shekara 14 ba, tana kuma da tanadi na dabam ga matasa. Sai aka koma ga likitoci, ana ɗaukar hoton ƙashin hannu da na wuya da haƙora ana kintace, lauyoyi kuma suna ƙalubalantar ma'aunin da aka gina a kan yaran da suka tashi cikin ƙoshi. A ƙarshe ukun da aka ɗauka matasa sun sami shekara 2, manyan kuma 6 zuwa 7. Wannan gardama ta shekaru ta taso a New York ma, a shari'ar Abduwali Muse, wanda shi kaɗai ya tsira cikin mutum 4 da suka hau jirgin Maersk Alabama a Afrilun 2009.

Faransa kuwa a kan lokaci aka kama ta. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta wajabta a kai wanda aka tsare gaban alƙali ba da jinkiri ba, kuma a Disambar 2014 kotun Turai da ke Strasbourg ta yanke cewa kwanakin da aka ɗauka ana jigilar waɗanda ake zargi da fashin jiragen Le Ponant da Carré d'As daga Somaliya zuwa Faransa uzuri ne karɓaɓɓe saboda nisa, amma ƙarin sa'o'i 48 da suka yi a hannun 'yan sanda bayan saukarsu ba shi da hujja, don haka ta umarci a biya kowannensu diyyar 'yan dubban yuro. Masu jiragen ruwa sun fusata, kuma ana iya fahimtar fushinsu. Amma ƙasar da ta ce ta ɗauko mutum daga nisan dubban kilomita domin ta yi masa shari'a bisa doka ba ta da bakin cewa dokar ta yi mata nauyi a ranar da ya iso. Akwai kuma tsoron da gwamnatoci ba su cika furtawa ba, wanda ya fi kowane dalili hana su karɓar shari'a, shi ne cewa wanda aka wanke ko ya gama zaman kaso zai nemi mafaka, kuma mayar da shi Somaliya mai yaƙi ba abu ne da kotunansu za su yarda da shi cikin sauƙi ba.

Tarwatsuwar shari'o'in ta haifar da bambancin hukunci mai wuyar karewa. Kotun Rotterdam a Yunin 2010 ta ba mutum 5 shekara 5 kowannensu, Muse ya sami shekara 33 da wata 9, kotun Sifaniya a 2011 ta yanke wa mutum 2 da suka yi garkuwa da jirgin kamun kifi Alakrana shekara 439 kowannensu ta hanyar tara hukuncin kowane ma'aikaci da aka tsare, Yaman kuma ta yanke wa mutum 6 hukuncin kisa a 2010. Laifuffukan ba ɗaya suke ba ta kowace fuska, wasu akwai kisa a ciki, wasu babu, amma abin da ya fi yanke makomar mutum shi ne tutar jirgin da ya kama shi.

Duk waɗannan da aka ambata 'yan cikin kwale-kwale ne. Da yawansu sun faɗa wa kotu cewa jiragen waje ne suka kwashe kifin gaɓarsu har sana'ar ta mutu, kuma satar kifi a ruwan Somaliya gaskiya ce da ba a hukunta kowa a kanta yadda ya kamata ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sai dai wannan ƙorafi ba ya wanke abin da aka yi wa ma'aikatan jirgin Naham 3, talakawa 'yan Asiya, waɗanda 26 daga cikinsu suka zauna a tsare daga Maris ɗin 2012 har Oktoban 2016. Tsare mutane shekara huɗu yana buƙatar mai zuba jari, da mai sayen fetur da makamai, da mai ciyar da masu gadi, da mai cinikin fansa ta waya. Wani bincike na Bankin Duniya da 'yan sandan ƙasa da ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta kuɗin fansar da aka biya daga 2005 zuwa 2012 tsakanin dala miliyan 339 da 413, kuma kaso mafi tsoka na masu jarin ne, waɗanda ƙafarsu ba ta taɓa ruwa ba. A nan shari'a ta bar jaki tana dukan taiki. Fitaccen wanda ya shiga hannu cikin manyan shi ne Mohamed Abdi Hassan, wanda aka fi sani da Afweyne, kuma shi ma sai da jami'an Beljiyam suka yaudare shi da tayin zama mashawarci a wani fim kan rayuwarsa kafin ya sauka a Brussels a Oktoban 2013 aka kama shi; kotun Bruges ta ɗaure shi shekara 20 a 2016 saboda garkuwa da jirgin Pompei.

Lokacin da hare-haren Somaliya suka lafa, nauyin ya koma Mashigin Tekun Gine, inda a 2020 aka sace ma'aikatan jirgi 130 cikin 135 da aka sace a tekunan duniya duka, akasari ana shigar da su dazuzzukan ruwa na yankin Neja Delta har a biya fansa. A nan akwai gwamnatoci da kotuna da sojojin ruwa, akwai kuma ƙa'idojin haɗin kai da ƙasashe 25 suka sanya wa hannu a Yawunde a 2013, amma a lokacin kusan babu ƙasar da ke da dokar da ta ambaci laifin da hurumin kowa-da-kowa, don haka wanda aka kama sai dai a tuhume shi da mallakar makami ko harkar mai ba bisa ƙa'ida ba. Najeriya ta rufe wannan ƙofa a Yunin 2019 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar murƙushe fashin teku da sauran laifuffukan ruwa, wadda ta ba Babbar Kotun Tarayya hurumi, ta kuma tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai. Hukuncin farko, a Fatakwal a Agustan 2020, tara ce aka ci mutum 3 da suka amsa laifi dangane da jirgin Elobey VI. Wanda ya gwada dokar sosai shi ne na Yulin 2021 a Legas, inda Mai Shari'a Ayokunle Faji ya ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu saboda ƙwace jirgin kamun kifin Sin mai suna Hai Lu Feng 11 a gaɓar Kwaddibuwa a Mayun 2020. Jirgin ba na Najeriya ba ne, ba kuma a ruwanta aka tare shi ba, sojojin ruwanta ne dai suka ƙwato shi, kotunta ta yi shari'ar. A cikin wannan watan na Yulin 2021, kotun Lome ta Togo ita ma ta yanke wa mutum 9 hukuncin shekara 12 zuwa 20 saboda harin da aka kai wa jirgin dakon mai G-Dona 1 a 2019.

Matsalar miƙa wanda jirgin baƙi ya kama ta sake bayyana a Nuwamban 2021, lokacin da sojojin jirgin yaƙin Denmak Esbern Snare suka yi musayar wuta da wani kwale-kwale a kudu da gaɓar Najeriya, suka kashe 4 suka kama 4. Babu yarjejeniyar miƙawa tsakanin Denmak da wata ƙasa ta yankin, don haka bayan makonni 6 aka saka uku a ƙaramin jirgi da abinci da fetur aka sake su, shekara 13 bayan abin da Absalon ya yi. Na huɗun, wanda aka yanke wa ƙafa sakamakon rauni, an kai shi Kopenhagen, inda kotu a Nuwamban 2022 ta same shi da laifin jefa rayukan sojoji cikin haɗari amma ba ta ɗora masa hukunci ba saboda halin da yake ciki. A tsakanin sakin ukun da hukuncin na huɗun, shugabannin ƙungiyar ECOWAS da suka taru a Akara a Yulin 2022 sun amince da wata ƙarin doka da ta shimfiɗa sharuɗɗan miƙa waɗanda ake zargi da fashin teku, tare da kayansu da hujjojin da aka samu a hannunsu, daga ƙasar da ta kama zuwa ƙasar da dokarta da kotunta suka shirya yin shari'ar.